Jan Babur a Gindin Darbejiya

"Tun yaushe kujerar nan ba kowa, Zakir?"

Bai ɗago ba. Yana ta goge injin askin da bai taɓa kan kowa ba tun safe, yana hura masa iska kamar akwai gashi a ciki.

"Malama, ko sallama babu? Haka kuke koya wa 'ya'yan mutane?"

"Tambayarka na yi."

"Yau kasuwa ce, kowa ya tafi..."

"Ranar kasuwa ce fa shagonka yake cika har bakin titi."

Na dubi bencin jira. A da ko wurin tsayawa ba a samu a shagon nan. Direbobin yalo-yalo mai ƙafa uku, mahauta, malaman makaranta, duk Yendi nan suke zuwa su miƙa wuya suna gardamar ƙwallo. Yau ƙasa fes, ko silin gashi babu.

"Madam Fauziya ta kira ni ofis ɗazu," na ce. Ita ce mai makarantar da nake koyar da ajin ƙananan yara. "Ta ce in yi hankali da wanzamin da nake shirin aura. Wai duk gari ya san yana da taɓin hankali. Wai duk wata ana ganin jan babur ɗinsa a gindin darbejiyar da ke ƙofar masu ciwon ƙwaƙwalwa."

Ya ajiye injin a hankali.

"To ai babur ɗina ne. Ba su yi ƙarya ba."

"Ni kake jira a wurin, Zakir. Ni ce mai..."

"Rage murya, Muda."

"Ka sani, ko? Ka daɗe da sani ka ƙi gaya mini."

"Sulley mai faci ne ya fara gani. Ya gaya wa mai koko, mai koko ta gaya wa duniya." Ya yi ɗan murmushi. "Ban ga laifinsu ba. Wa zai ba mahaukaci wuyansa, ga reza a hannu?"

Na zauna a kan kujerar askin, na ga fuskata a madubi, na kawar da kai.

"Zan faɗa musu gaskiya."

"Ki faɗa wa wa?" Ya tsugunna a gabana. "Ni namiji ne. In aski ya ƙi, in je Kpandai in yi dakon doya. Ke fa? Ranar da aka ji, wace uwa ce za ta bar miki ɗanta a aji? An riga an kai goro gidanku. Mu yi shiru har a shafa fatiha, daga nan kowa ya faɗi son ransa."

"Mutanenmu ba su zo bincike ba tukuna."

"In sun zo me za su samu? Saurayi kyakkyawa ɗan Bawku, mai gashin baki kamar na soja."

Na yi dariya, hawaye na shiga mini baki.

"Yi mini alkawari, hasken idona," ya ce. "Shiru."

Na yi masa. Wannan alkawarin shi ne ya fi komai ci mini rai daga baya.

*

Sunana Mudassira, 'yar zangon Salaga. Abin ya fara mini ne bayan rasuwar Mma, mahaifiyata. Kowa ya gama kukansa ya koma kasuwa, ni kuwa kamar an jiƙa bargo an rufa mini. Gari ya waye in kasa sauke ƙafa daga katifa. Tuwo a bakina kamar yashi. Goggo Sabuwa, yayar Babana, ta ce maraici ne, ta karɓo mini rubutu, ta ce in ƙara yawan nafila. Na sha, na ƙara. Bargon bai ɗaga ba.

Da na samu aiki a Yendi na ɗauka canjin gari zai raba ni da shi. Ashe tare muka shiga mota.

Wata rana da la'asar man ɗan shuɗin babur ɗina ya ƙare daidai ƙofar wani shagon aski. Abin da kwalbar fetur ɗaya za ta gyara, sai kawai na zauna a bakin kwata na fashe da kuka. Wani dogo ya fito da almakashi a hannu. Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye mini kujera, ya juya ta yadda bayana zai kalli titi, ya tura babur ɗin ya sayo mai.

Da na share ido ya ce, "Ni dai na san fetur ya yi tsada, amma ban san ya kai haka ba."

Shi ne Zakir. Shi ya fara jin abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har da ranar da na daɗe tsaye a bakin tsohuwar rijiyar bayan gidanmu ina kallon ruwa. Shi ya kai ni wurin Nas Na'imatu, wadda ta ce mini, "Ciwon damuwa ne, ƙanwata. Ciwo ne kamar hawan jini. Ana shan magani, ana zuwa a yi magana, ana samun sauƙi."

Na samu sauƙin. Amma a Yendi ba fuska ake fara ganewa ba, babur ake ganewa. In an ga naka a ƙofar wani gida, an gan ka. Don haka ban taɓa zuwa asibiti da nawa ba. Zakir ne yake sauke ni a babbar ƙofa in saje da masu zazzaɓi da masu awon ciki, in bi ta ciki. Shi kuma ya zagaya baya ya tsaya a inuwar darbejiya, don ta nan yake hango ni ta taga.

Mun rufe kowace kafa. Babur ɗinsa kaɗai muka manta, ja mai facin rawaya a sirdi, wanda ko makaho a garin nan ya san kukansa.

*

A wurinmu ba a ɗaura aure sai an tura tsohuwa ta je ta shinshino wancan gidan. Kuturta, farfaɗiya, sata, hauka. Kuma ba ta cewa bincike ta zo. Man kaɗe take zuwa saya.

Mutanen Zakir sun yi nasu tun kafin su kawo goro. Abin da suka jiyo a Salaga ya faranta musu rai. Yarinya ce mai shiru, ba ta fita, ba a taɓa jin dariyarta a waje ba. Ciwona suka gani, suka kira shi kunya.

Ranar wata Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da Goggo Sabuwa zaune a ƙofar ɗakina, ga ƙullin man kaɗe a gefenta.

"Goggo, sannu da zuwa. Ba ki ce kina tafe ba..."

"Da na ce ai da ban ji abin da na ji ba. Buɗe mu shiga."

Ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Allah ya rufa mana asiri, 'yar nan. Yaron nan ba shi da lafiya."

"Goggo, ƙarya ake..."

"Mai koko ta faɗa. Mai faci ya faɗa. Na je da ƙafata na ga shagon, ƙuda ma ba ya shiga. Na ce a nuna mini bishiyar, aka nuna mini. Har ɗigon baƙin man babur ɗinsa yana nan a ƙasa." Ta kama haɓata ta duba fuskata. "Ke ba ki taɓa lura ba? Ba ya yin shiru haka kawai? Ba ya kuka ba dalili?"

Maganina yana cikin gwangwanin madara a kan taga, bai fi kamu ɗaya da kafaɗarta ba. Na kalle shi, na kalle ta.

"A'a, Goggo."

"Irin su akwai iya ɓoyewa. Haɗa kayanki, gobe Salaga. Babanki zai mayar musu da goronsu."

Da ta shiga wanka na kira Zakir.

"Za su mayar da goro, Zakir. Ka sake ni daga alkawarin nan."

"In kin faɗa, Mmata ce za ta zo ta ɗauke goron da kanta. Na san ta. Gara a ƙi ni, ni zan iya lallashin Babanki. Ita ba ta lallasuwa."

"To ya za mu yi?"

"Ki ba ni lokaci, masoyiyata. Kina shan maganinki?"

"Ina sha."

"Kin ci abinci?"

Na kashe wayar don kada ya ji kukana.

*

Lokacin bai samu ba. Saƙon Baba ya isa Bawku, kuma mahaifiyar Zakir, Hajiya Safura, ba ta aiko kowa ba. Ta rufe rumfar hatsinta, ta biyo ta Yendi ta ɗauko ɗanta, suka sauka a ƙofar gidanmu na Salaga rana tsaka, ƙurar hanya har a girarta.

Ina ɗaki ina leƙe ta labule. Baba Garuba na kan buzunsa a ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu. Goggo ta fito da ƙwaryar goron, har yanzu da ganyensa da farin ƙyallen da aka rufo shi da shi, ta ajiye a tsakiya. Zakir ya durƙusa can gefe, kansa a ƙasa. Ya rame.

Aka gaisa gaisuwar da ba ta da gishiri.

"Malam Garuba," Hajiya ta ce, "na zo ne in ji da kunnena. A danginmu kaf, daga Bawku har Zebilla har tsallaken iyaka, wa aka taɓa ɗaurewa? Wa aka taɓa gani yana tsince-tsince a bola?"

"Hajiya, ba mu ce danginku ba," in ji Baba a hankali. "Abin da aka gani aka faɗa mana."

"Babur aka gani. Babur ne zai auri 'yarku?"

"Babur ba ya kai kansa asibiti," Goggo ta ce.

Hajiya ta juya wurin ɗanta.

"Zakiru, ɗago ka dube ni. Duk hanya ina tambayarka kana ce mini sai mun iso. To mun iso. Gaya wa mutanen nan abin da kake zuwa yi a wurin."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Aski kake zuwa yi wa marasa lafiya? Faɗi mana. Aboki kake rakawa?"

"Mma, ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri na tambaye ka ba. Ka ce lafiyarka ƙalau, a kawo Alƙur'ani ka dafa, mu ga wanda zai sake buɗe baki."

"Lafiyata..." Na ga ya gane cewa in ya rantse, tambaya ta gaba ita ce wa yake kaiwa. "Ba zan dafa ba, Mma."

Goggo ta tafa hannu sau ɗaya, ta kalli Baba.

Na zaci Hajiya za ta yi faɗa. Sai na ga bakinta yana rawa. Matar da aka ce ko dillalan kan iyaka tsoronta suke ji, ta ja jiki a kan tabarma har inda yake, ta cire masa hula, ta ɗora tafinta a kansa kamar mai duba zazzaɓin jariri.

"Ashe da gaske ne... Ɗana, kai kaɗai a garin mutane kana fama, ba ka gaya mini ba? Ni na haife ka fa. Ko tsirara ka fita titi, ni zan bi ka da zane." Hawaye na bin kumatunta. "Ku riƙe 'yarku, Malam. Ciwo ba shi ya ɗora wa kansa ba. Zan kai shi gida in yi jinyarsa. Ba a yar da mutum don ya yi ciwo."

Ba a yar da mutum don ya yi ciwo.

Maganar nan ta shige ni kamar ruwan sanyi. Tun rasuwar Mma ban ji wanda ya faɗi irinta ba. Na ce a raina, matar da ta iya faɗin haka za ta iya ji. Na buɗe jakata na ɗauko maganin, na ɗaga labule.

Zakir ne ya fara ganina. Ya girgiza mini kai, idonsa na roƙona.

Na durƙusa kusa da ƙwaryar goron, na ajiye maganin a gefenta.

"Baba, Goggo, Hajiya... ku gafarce ni. Lafiyarsa ƙalau. Ni yake kaiwa."

Carbin Baba ya tsaya.

"Ke, tashi ki koma ɗaki," Goggo ta ce da sauri. "So ne yake sa ta. Hajiya, kada ki saurare ta, rufa masa asiri take son yi."

"Sunana ne a jikin kwalin, Goggo. Tun bayan Mma nake fama. Ciwon damuwa ake ce masa. Ba na duka, ba na zagi, ban taɓa fita hayyacina ba. Baƙin ciki ne yake danne ni har in kasa tashi. Yanzu ina shan magani, ina aikina, yarana suna sona. Shi ya nema mini taimako. Saboda ni shagonsa ya mutu, kuma bai taɓa buɗe baki ba."

Wata kaza ta ratsa tsakar gidan tana tsattsaga.

Na kalli hannun Hajiya. A hankali ya sauka daga kan ɗanta. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta gyara zama. Sai ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar goron zuwa gabanta.

"Mma," Zakir ya ce. "Mma, don Allah..."

"Alhamdu lillahi da ba kai ba ne."

"Hajiya," na ce, "yanzun nan kika ce ba a yar da mutum don ya yi ciwo."

Ta dube ni. Wallahi babu ƙiyayya a idonta, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

"Shi na haifa, 'yata."

"Mma, tana samun sauƙi. Ki je ki tambayi nas ɗin da kanki. Kamar hawan jininki ne, ke ma ai kullum kina shan..."

"Hawan jinina bai taɓa hana kowa sayen masarata ba. Kai kaɗai ka rage mini, Zakiru. Yayanka na binne shi, ubanka na binne shi. 'Ya'yanka fa? In sun tashi aure, tsohuwa za ta zo sayen man kaɗe, a ce mata uwarsu ce mai zuwa gindin bishiya. Ka ga abin da jita-jita kawai ta yi wa shagonka. Gaskiya kuma me za ta yi wa gidanka?" Ta miƙe da ƙwaryar a hannu. "Yarinya, kin yi abin kirki, Allah ya ba ki lafiya. Amma ba da yawuna ba."

Na juya wurin Baba. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Ya kalli kwalin maganin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi, ya sa takalmansa, ya fita masallaci ba a ko kira sallah ba.

"Kin kashe kanki," Goggo ta ce bayan an fita. "Kin kashe mu. Wa zai sake kawo goro gidan nan?"

*

Labarin ya riga ni isa Yendi.

Ranar Litinin Madam Fauziya ta tare ni tun a bakin ƙofa, ba ta bari na kai aji ba.

"Mudassira, ni ba ni da matsala da ke, Allah ya sani. Aikinki yana da kyau. Amma iyaye sun yi ta kirana tun jiya."

"Madam, na taɓa dukan yaro? Na taɓa makara?"

"Ba ki taɓa ba. Amma makaranta da bakin iyaye take rayuwa. Ki je ki huta... in abin ya lafa zan neme ki."

Ta taga ina jin yarana suna rera waƙar da na koya musu, wata malama tana ba su amshi ba daidai ba.

Na bi ta titin tasha. Shagon Zakir cike, har da masu tsayuwa. Sulley mai faci ne a kan kujera, ya miƙa wuya, kumfa har kunne, yana cewa, "Ni dama tun farko na ce ba ka yi kama da su ba." Da suka hango shuɗin babur ɗina, gardamar ƙwallon ta mutu. Ban tsaya ba.

Da yamma Zakir ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murza hularsa.

"Kin karya alkawari, Malama."

"Shagonka ya cika."

"Na rufe shi. Ban iya taɓa kawunansu ba." Ya numfasa. "Mma ta kwanta tun da muka koma. Jininta ya hau. Ta ce in dawo Bawku in riƙe rumfa. Muda, ki ce in zauna. Ki ce kawai. Mu je Tamale, mu je Kumasi, inda ba wanda ya san babur ɗin kowa. A ɗaura mana a can."

Allah ya sani na so in ce. Bakina har ya buɗe.

Sai na tuna tafin hannun nan a kansa. Na san yadda rashin uwa yake, shi ya kwantar da ni. In ya bi ni wani abu ya same ta, bargon da na sha fama da shi zai koma kansa, kuma ni ce zan zama mai rufa masa.

"Je ka wurin Mmarka, Zakir."

"Ke fa? Wa zai riƙa kai ki?"

"Ina da babur."

"Za su gan shi."

"Me ya rage ba su gani ba?"

Ya rufe fuska da hular. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, dogon mutum kafaɗunsa na girgiza a ƙofar ɗakin haya.

"Ba zan daina roƙonta ba," ya ce.

"Na sani."

"Kada ki daina shan maganinki. Ko don ni."

"Don kaina zan sha, Wanzam. Kai ka koya mini."

Na tsaya ina jin kukan jan babur ɗin yana nisa, har ya ɓace cikin sauran.

*

Kwanakin da suka biyo baya ba zan yi ƙarya in ce na yi jarumta ba. Bargon ya dawo, da nauyinsa. Akwai safiyar da ban tashi ba sai azahar. Mai kokon da nake saya a wurinta ta koma zuba mini a leda tun daga nesa, kada in zauna a bencinta. Zakir yana kira, wani lokaci in ɗauka, wani lokaci in bar ta ta yi ta ƙara. Daga Salaga kuwa ko gaisuwa.

Amma ina shan maganin. Nas Na'imatu ta ce in na ji abin ya fi ƙarfina in kira ta ko wane lokaci, kuma na kira.

Da ranar komawata asibiti ta zo, na yi wanka, na sa atamfar da Mma ta fi so, na hau shuɗin babur ɗina. Ban bi ta babbar ƙofa ba. Na zagaya baya da rana tsaka, ta gaban masu faci da masu sayar da lemo, ina jin idanunsu a bayana kamar ƙaya.

Akwai mutum a gindin darbejiyar.

Tsoho ne, zaune a kan buzu, da farar hula da carbi, ga doya uku ɗaure da igiya a gefensa. Ƙafata ta kusa zamewa daga birki.

"Baba..."

"Motar asuba na biyo," ya ce, bai kalle ni sosai ba. "Na kira yaron nan na tambaye shi ranar, ya gaya mini. Hanyar nan ta lalace, duk ƙashina ciwo yake."

Na kashe babur ɗin. Na kasa sauka.

Ya nuna ƙasa da carbinsa, inda baƙin mai ya bar tabo.

"Nan yake tsayawa?"

"Nan ne."

"Duk wata?"

"Duk wata, Baba."

Ya jinjina kai.

"A gidana kika fara wannan ciwon. Ina ganinki kina ramewa, na ce kunya ce irin ta uwarki. Ɗan mutane ya gani, ni ban gani ba." Ya yi gyaran murya. "Kafe babur ɗin a nan kusa da ni. Shiga, kada ki makara. Ina nan."

Wani mai keke ya rage gudu yana kallonmu, baki buɗe. Baba ya ɗaga masa hannu kamar ya ga tsohon aboki.

"Sannu, bawan Allah. Garuba ne daga Salaga. 'Yata na kawo ganin likita."

Mutumin ya amsa a daburce ya ƙara gaba.

Na kafe babur ɗina a kan tabon man Zakir. Na shiga, na zauna a bencin da na saba, na ɗaga kai na dubi taga. Babu dogo mai gashin baki a inuwar. Ba zai sake kasancewa ba, na san haka har cikin ƙashina, kuma na bar hawayen suka zubo yadda suke so.

Ta cikinsu nake hango farar hular Baba. Wata mata ta zo wucewa da tire a kai, ya sake ɗaga hannu, ina ganin bakinsa yana faɗin sunansa da sunan garinmu.

"Mudassira Garuba," Nas Na'imatu ta kira daga ciki.

Na share fuskata, na amsa da ƙarfi yadda har na waje zai ji.